Kwallin da Ya Kusa Cinye Hannun Malam Majidu

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Abin da zan rubuta labarin jinyar baƙona ne, Malam Majidu, wadda muka yi a gidana a Ajingi shekara guda bayan an gama yaƙin basasa. Na rubuta shi ne saboda masu sana'ar fenti, da masu zane a jikin motoci, da duk wanda ya saba kai kayan aikinsa baki. Mu dai mun yi kusan wata biyu muna ƙara wa mutum cuta da hannunmu, a ganinmu kuwa kula da shi muke yi.

Malam Majidu Ba'indiye ne, Musulmi, daga wani gari kusa da Laknau. A kasuwar Kurmi muka haɗu, yana cinikin shuni, Hausarsa ta ƙare masa, mai shunin kuma ya ga baƙo ya tsuga kuɗi. Ni na zauna a ƙasarsu lokacin yaƙin Bama, na tsinci harshensu gwargwado, sai na gaishe shi da shi. Ya juyo ya riƙe hannuna ya ƙi saki. A lokacin yana koyar da zane a wata makarantar horon malamai a Kano. Da ya ajiye aiki ba shi da inda zai koma, don tun da aka raba ƙasarsu gida biyu danginsa suka watse, wasiƙunsa suka daina samun amsa. Ya ce zai zo Ajingi ya ga kakar gyaɗa, mako biyu kawai. Ya shekara uku a shagon ƙofar gidana.

Zane gadonsa ne. Mahaifinsa ƙananan hotuna yake yi a littattafan sarakuna, da burushi na gashin wutsiyar kurege, siriri kamar tsinke. Kafin ya ja kowane layi sai ya sa bakin burushin a tsakanin leɓɓansa ya tsuke shi ya yi tsini. Haka Malam ya koya tun yana ɗan shekara bakwai. Da ya zama saurayi, bayan yaƙin duniya na farko, ya shiga jirgin ruwa ya tafi Paris, inda masu zane daga kowace ƙasa suka taru suna rushe tsohuwar ƙa'ida. Ya nuna mini irin aikin wancan zamani: fuskar mutum a rarrabe kamar tulun da ya fashe aka sake jera shi, doki shuɗi, gari a karkace. Ya ce Turawa in sun shigo ɗakinsa giwa da maharaja, wato sarkin Indiya, suke nema, su ce sabon salo ba na Ba'indiye ba ne. Da ya aika aikinsa gida kuma, aka ce ya zama Bature. Ya fi shekara goma yana wanke kwanuka a gidan abinci da safe, yana zane da yamma. Daga can sai Alƙahira, sai Khartum, sai Kano.

Lokacin yaƙinmu fentin da ake kawowa daga Turai ya yi wuya, sai ya koma kan namu. Shuni ya ba shi shuɗi, rawaya ta ba shi ruwan ɗorawa, jar ƙasa ta ba shi ja, yana kwaɓa su da ƙaro. Amma abin da ya fi so shi ne kwalli. Ya ce yana ba da wani toka-toka mai ƙyalli da bai taɓa gani a hannun kowa a Paris ba. Matata, Hajiya Kaltume, ita ke niƙa masa a ɗan dutsenta, tana kuma alfahari da haka, don ya ce duk garin ba mai laushin niƙanta.

Makon farko na rashin lafiyar, ana tsakiyar cirar gyaɗa, Malam ya fara da ciwon ciki. Bayan gida ya ɗauke masa kwana huɗu, cikin yana murɗa har ya dunƙule a tabarma. Ya ce bakinsa yana ɗanɗanon tsohon kwabo. Hajiya ta jiƙa masa tsamiya, bai ji sauƙi ba, ta dafa filasko. Ya ɗan samu sararawa kwana biyu, abin ya dawo.

Mako na biyu na ɗauke shi a motar kasuwa zuwa Gaya, wani ɗan ɗakin shan magani. Malamin wurin mutumin kirki ne, amma shi kaɗai ne da jama'a fiye da ɗari. Ya danna cikin sau biyu, ya ce tsutsa ce, ya ba mu wani farin magani a kwalba. Muka sha wahalar hanya muka dawo, Malam ya shanye kwalbar tas, ko tsutsa ɗaya ba mu gani ba.

A nan kuskurenmu ya fara. Mun lura cewa duk lokacin da yake zane yana manta ciwon, har ya ɗan ci abinci. Sai muka mai da zanen magani. Na jingina masa allo a gefen shimfiɗa, Hajiya ta aika kasuwar Gaya aka samo mata kwalli mafi kyau, ta niƙa masa cikin gwangwani guda. Mutumin da a da yake zane awa biyu a rana, yanzu yana kwance ba abin yi, daga hantsi har la'asar burushi na zirga-zirga tsakanin gwangwani da bakinsa da takarda.

Ranar Laraba ta mako na huɗu, bayan sallar asuba, ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, kofin ya faɗi. Ya ɗaga hannun dama, sai tafin ya lanƙwashe daga wuyan hannu yana reto kamar ganyen da rana ta buga. Yana iya dunƙule yatsun kaɗan, amma ba ya iya ɗaga su. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Haji Sahib," haka yake kirana, "ciwon ciki na iya zama da shi. Wannan kuwa in ya tafi, ban san me za ku riƙa ciyarwa a shagon nan ba."

A ranar ya ba ni labarin wani abokinsa Bajapane da suka raba ɗaki a Paris, wanda ba ya zana komai sai rufin gidaje. Tari ya kama shi bayan Malam ya tashi daga ɗakin. Ya rasu cikin sanyi, sai bayan kwana uku mai gidan hayar ta buɗe ƙofa. Takardunsa kuma aka hura murhu da su. Malam ya ce tun daga lokacin ya san haka ƙarshen baƙon mai zane yake. Na ce masa a nan ko akuya ce ta kwana ba ta fito ba, sai maƙwabta sun tambaya.

Kafin azahar kuwa labari ya zaga gari. Na ga jinya a Kalkata, na gani a Khartum da Jidda, kowa da irin tasa kulawar, amma ban ga inda ake dubiya kamar ƙasarmu ba. Mutanen da ba su taɓa fahimtar abin da yake zanawa ba suka cika ƙofar gida, wannan da ƙwai, wannan da kunu, wata tsohuwa daga Gafasa da 'yar kazarta a hammata. Kowa kuma da shawararsa. Wani ya ce iska ce ta buge shi a gindin tsamiyar da yake zama. Wani ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, a nemo kitsen damo.

Yayana, Malam Bukar, shi ke limancin masallacin unguwarmu. Ya kira ni gefe.

"Modu, ka je Makka, ka je Indiya, abin da ke ƙofar gidanka ba ka gani. Mutum ya shekara sittin yana zana masu rai. Wane hannu ne ya faɗi? Na hagu?"

"Na dama ne, Yaya."

"To. Wanda yake yin abin da shi. Ka gaya masa ya tuba ya ƙone takardun nan, ni kuma zan yi masa rubutu."

"Rubutu zai sha. Takardu kuwa ba ni da bakin gaya masa."

Rubutun dai Malam Majidu ya karɓa da murna, ya ce haka mahaifiyarsa take ba shi yana yaro. Maganar ƙonawa ban kai masa ba, amma a gari irin namu ba sai ka kai ba. Bayan kwana biyu na tarar ya ɗaure takardunsa da igiya ya ajiye bakin ƙofa. Ya ce in limami yana ganin hannun zai dawo, a ƙone. Na ɗauke su na kai ɗakin Hajiya na ce ta sa a ƙasan adakarta.

Duk da haka bai bar burushi ba. Ya koma gwadawa da hagu, kuma da yake hagun ba ta saba ba, layin yana ɓaci, sai ya riƙa tsuke burushin a baki sau biyu, sau uku kafin ya ja layi ɗaya. Wani lokaci ma da haƙora yake riƙe shi. Muna kallo muna cewa madalla, bai karaya ba.

Mako na shida ya fara rikicewa, yana yi mini Faransanci yana zaton wani ne ni. Jikinsa ya yi fari fat. Na sayar da ragon da nake kiwo don layya, muka shiga motar Kano, muka sauka wurin surukina a Fagge.

Asibitin ba zan kama sunansa ba, don akwai waɗanda suka yi mana alheri a cikinsa. Amma rana ta farko a layin yankan kati ta ƙare. Muna daf da taga mai katin ya rufe ya tafi cin abinci, da tsoho kwance a benci a gabansa, bai dawo ba. Rana ta biyu muka samu shiga, wanda ya gan mu ko taɓa shi bai yi ba, ya ji an ce ciwon ciki, ya rubuta irin farin maganin nan na Gaya. Na ce masa mun sha wannan. Ya ce ni ne likitan ko shi? Na fito, amma ban tafi gida ba. Rana ta uku muka sake bin layi, na roƙi wata ma'aikaciyar jinya ta tura mu wani ɗakin.

A nan muka samu wani matashin likita, ɗan ƙasar nan, daga wani ƙauye a gabashin Kano, bai daɗe da gama karatu ba. Ya tashi tsaye ya gaishe mu. Ya ɗaga hannun Malam ya saki, ya ga yadda ya faɗi. Sai ya ce, "Baba, buɗe mini bakinka." Ya ɗage leɓensa, ya kira ni in gani. A gindin haƙoran, a jikin dasashi, akwai wani siririn layi shuɗi-shuɗi kamar an ja da alƙalami.

"Alhaji, mece ce sana'ar Baba? Gyaran batirin mota?"

"Mai zane ne."

"Da wane fenti?"

Na buɗe jakar Malam na fito da gwangwanin, don ko layin asibiti bai zo babu shi ba. Likita ya shafa da yatsa ya duba a haske. Ya ba Malam takarda ya ce ya nuna masa yadda yake aiki. Malam ya tsoma burushi da hagu, ya kai baki, ya tsuke. Likita ya riƙe hannunsa.

"Tun yaushe kake haka, Baba?"

"Tun kafin a haifi mahaifinka."

"Da kwallin fa?"

"Shekara uku. Wata biyun nan kullum."

Likita ya zauna. Kalmominsa ban manta su ba. Ya ce, "Alhaji, kwalli dutsen dalma ne. Farin fentin Turai da ya yi shekaru yana lasa, shi ma da dalma a ciki. Da kaɗan-kaɗan ta taru, kwallin nan ya cika ta. Ita ta ɗaure cikin, ita ta kwantar da jijiyar hannun. Ba a rana ɗaya ta shiga ba, ba a rana ɗaya za ta fita ba."

Malam ya tambaye shi da Turanci ko hannun zai dawo. Ya ce ba zai yi alkawari ba, saboda shekaru, amma jijiyar ba ta mutu ba, kuma rabin aikin a gida za a yi shi. Ina zaune ina kallon yaron nan, ina tuna cewa tsohon nan ya ratsa Paris da Alƙahira da burushi a baki ba wanda ya taɓa riƙe masa hannu, sai ɗan manomin gyaɗa irinmu.

Aka ba shi gado. Allurar da ake bukata babu ita a asibitin, sai da na zaga kemis huɗu a Sabon Gari kafin in samu, kuɗin ragon ya tafi a nan, na aika gida aka sayar da gyaɗa buhu biyu. Kwana goma sha takwas muka yi. Ciki ya saki, hankali ya dawo, ya fara ƙorafin cewa shayin asibiti ruwan wanke kofi ne, a nan na san ya samu sauƙi. Hannun dai yana nan a sake. Aka ɗaure shi a jikin ɗan katako don kada ya ƙage a lanƙwashe, aka ce a riƙa murza shi, a riƙa sa yatsun aiki, a ba shi abinci mai kyau da madara.

Da muka dawo Ajingi na faɗi abin da likita ya ce, Hajiya ta shige ɗaki. Kwana uku tana aiko da abinci ba ta fito gaishe shi ba. Ta ce da wane ido za ta kalle shi, ita ta niƙa, ita ta aika Gaya a nemo mai kyau. A rana ta huɗu Malam ya dogara sanda ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama da ƙarfi.

"Hajiya, ke kin niƙa, ni na ci. Kin taɓa ganin mai hankali yana cin kwalli? Ki fito, tuwon da ake aiko mini ba ya daɗi in ba a yi mini faɗa ba."

Ta fito tana share ido tana dariya. Daga ranar ta ɗauki jinyar a kanta. Kwalli ya bar shagon. Ta ajiye masa ɗan ƙoƙon ruwa da tsumma don gyara bakin burushi, ta kuma zauna da maficinta a gefe duk lokacin da zai gwada zane da hagu. Ɗabi'ar shekara sittin ba ta fita da sauƙi. Da hannu ya nufi baki sai ka ji tas, mafici ya sauka.

"Malam, baki na tuwo ne."

"Hajiya, ko a Paris ba a dake ni ba."

"Shi ya sa ka lalace."

Madara kuwa wata Bafulatana ce, Inna Hansai, take kawowa kowace safiya daga rugarsu ta hanyar Kademi. Mu asalinmu Barebari ne, don haka ba ta shigowa sai ta tsokane ni. "Ina bawan nawa? Zo ka sauke ni." Da na miƙa mata kuɗi sai ta ture. "Na baƙo ne. In naka ne, Babarbare, sai na ninka."

Katakon asibiti ya fara cin fatar Malam, mai ɗorin garinmu ya sake masa wani na kara da auduga, mara nauyi. Murzar hannu kuma, abin da ban zata ba, Yaya Bukar ne ya karɓa. Kowace safiya in ya fito daga masallaci sai ya zauna a bakin shago da man shanu a ɗan kasko, ya kwance ɗaurin, ya murza daga gwiwar hannu zuwa yatsu yana addu'a. Bai janye maganarsa ba.

"Ni dai har yanzu ban ce zanen masu rai daidai ne ba," in ji shi.

"Na sani, Liman."

"Amma hannun Musulmi ne. Ɗaga babban yatsan in gani."

Aikin yatsu ma ba mu nema da nisa ba. Gari cike yake da gyaɗar da ba a ɓare ba. Aka ajiye masa ƙwarya, aka ce ya ɓare da dama. Makon farko ƙwaya biyar ya iya a yini, yana gumi. Matan maƙwabta suka mai da ƙofar gidana wurin ɓararsu, suna ƙirga masa suna yi masa tsiya cewa jikokinsu sun fi shi sauri. Ya ce mini a ɗakinsu na Paris in mutum ya yi ciwo, abokai sukan zo su tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu su tafi. Nan kuwa ba a barin mutum ya yi baƙin ciki a natse.

Wata na biyu da dawowarmu yatsu biyu suka motsa sama. Wata na uku ya ɗaga tafin ya riƙe shi har aka ƙirga goma. Sai kuma abin ya tsaya cak kusan mako biyar, ba gaba ba baya, har ya daina magana da kowa, ni ma na fara shirya yadda zan gaya masa ya haƙura da hagu. Yaya Bukar bai fasa zuwa ba ko rana ɗaya. Muka koma wurin likita sau biyu, ya ce a ci gaba, jijiya ba ta san gaggawa ba.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne wannan. In mai aikin fenti ko batir ko dalma ya kamu da ciwon ciki mai ɗaurewa wanda ba ya jin magani, a duba dasashinsa, a gaya wa likita sana'arsa tun kafin ya tambaya. Kada a kai burushi baki. Mata kuma su kiyaye kwalli daga bakin yara. In an ba ku magani bai yi ba, aka sake ba ku irinsa, kada ku ji kunyar komawa layi. Ina godiya ga likitan nan da ma'aikaciyar da ta tura mu wurinsa, da mutanen Ajingi da suka riƙe baƙo kamar a nan aka yanke masa cibiya. Mai yankan kati kuma na bar shi da Allah.

Damina ta sake zagayowa, gyaɗa ta nuna. Wata safiya Yaya Bukar ya gama murza hannun yana goge man a tsumma, sai Malam ya ce kada a mayar da ɗaurin tukuna. Ya ɗauki burushi da dama. Ya tsoma a shuni, ya gyara bakinsa a ƙoƙon ruwa, Hajiya na tsaye da maficinta ba ta samu aiki ba. Hannun yana ɗan rawa kafin ya sauka, amma da ya taɓa takarda sai ya natsu. Ya yi kusan rabin awa a kai. Tushen gyaɗa ya zana, kamar yanzu aka cire shi, da ganye da saiwa da 'ya'yan a rataye.

Ya miƙa wa Yaya Bukar. Yaya ya matsar da takardar nesa da idonsa, ya dawo da ita kusa, ya bi 'ya'yan da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ai 'yar Dakar ce," in ji shi. "Ba mai yaɗo ba ce. Ga 'ya'yan sun taru a gindi."

"Ita ce, Liman."

Yaya ya naɗe takardar a hankali ya sa a aljihun rigarsa, ya ɗauki kaskon man shanunsa.

"Gobe ba sai na zo ba ke nan," ya ce. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya. "Amma zan zo."